Yadda Ake Duba Tsohuwar Bas Mai Gaɓa: Abin da Ikarus 280 Ta Koya Mini

Ɗan ƙanwata ne ya tayar da wannan magana. Yana aiki a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, yana kwana a Mararaba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye rabon da ya kamata ya shiga tukunya. Shi da abokan aikinsa suna da adashi. Sai wani dillali ya nuna musu hoton doguwar bas ta gwanjo, irin mai lanƙwasa a tsakiya, ya ce a sahu ɗaya za ta kwashe su kaf. Da daddare yaron ya turo mini hoton ta WhatsApp, ya rubuta: "Kawu, ka duba mana. Mu saya ko mu haƙura?"

Na ce masa, "Ɗana, fenti kawai na gani a hoton nan. Ka ce wa dillalin ya durƙusa ya ɗauko mini tayoyin ƙarshe na can baya."

Ya yi mamaki, don ya zaci zan fara da tambayar injin ko yawan kilomitar da ta ci. To ai tambayar injin ɗin ce na yi, ta wata ƙofa. Abin da na bayyana masa a daren shi ne nake so in shimfiɗa a nan, saboda na ga alama ba su kaɗai ne irin wannan mota ke burgewa ba.

Ni na san motar nan ne a ƙasar sanyi. A farkon shekarun 1980 na yi karatun injiniyan motoci a Karkof, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, yanzu kuwa ƙasar Yukren ce. Motar da ke kai mu makaranta kullum ruwan ɗorawa ce, doguwa, sunanta Ikarus 280, kuɗin shiga kwabo biyar na kuɗinsu. Mutanen gari suna kiranta da sunan wani abin kiɗansu da ake ja ana matsewa, saboda robar nan mai ninki-ninki da ke tsakiyarta. Ni da na ganta, zuga-zugin maƙera ta tuna mini, kuma sunan da nake kiran robar da shi ke nan har yau. Daga baya aka tura mu koyon aiki a garejin bas na birni, na yi watanni a cikin rami ƙarƙashinta. Abin da na gani daga ƙasa shi ne ya zame mini ma'auni ga kowace bas mai gaɓa, ko wane kamfani ya ƙera ta.

Fara da tayoyin baya

Bas mai gaɓa gida biyu ce: kai da jela. Kai yana da aksul biyu, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin hagu da dama, jela tana da ɗaya, a tsakani kuma akwai gaɓar da ta haɗa su. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wane aksul ne injin ke juyawa? Amsa biyu ce kawai a motocin da za ka ci karo da su. Ko injin yana cikin kai yana juya aksul na tsakiya, yana jan jela. Ko yana can ƙarshen jela yana juya aksul na baya, yana tura kai. Ni nakan ce mai ja da mai turi.

Idan ka ga aksul na ƙarshe da taya ɗai-ɗai a kowane gefe, kamar na gaba, mai ja ce, kuma da alama tayoyin nan na baya su ma suna karkata idan an sha kwana. Idan ka ga tagwayen tayoyi a can baya, ga murfin injin da ragar shan iska a bayan mota, mai turi ce. Ikarus 280 mai ja ce: biyu a gaba, huɗu a tsakiya, biyu a baya, takwas ke nan.

Ɗauki igiya ka ja ta a ƙasa, za ta biyo ka a miƙe. Gwada tura ta daga baya, za ta lanƙwashe. Duk bambancin ke nan. Mai ja ba ta buƙatar wata dabara kafin jela ta bi sahu, halittarta ce. Mai turi kuwa, kullum tana neman karyewa a tsakiya, musamman kan kwalta mai santsi ko lokacin ribas, don haka sai an sa mata na'urar da za ta riƙe gaɓar. Kuɗin gyaranka da irin bakaniken da za ka nema da yadda direba zai tuƙa, duk daga nan suke rabuwa.

Inda ta samo asali

Kafin a zo ga gaɓa, biranen Turai suna ɗaura wa bas tirela ne a baya, da fasinjoji a ciki, sai an sa mata nata kwandasta, kuma mutane kan faɗa tsakanin motocin biyu. Kamfanin Kässbohrer na Jamus ya fitar da bas mai gaɓa a 1952, kamfanin Hübner na birnin Kassel ya yi mata zuga-zugi, kuma har yanzu sana'arsa ke nan. Da Jamus ta Yamma ta hana ɗaukar fasinja a tirela daga 1960, sai kasuwar mai gaɓa ta buɗe.

A ɓangaren Gabas, ƙasashen gurguzu sun raba wa juna sana'o'i, ƙera manyan bas ya faɗo kan ƙasar Hangari, wato kamfanin Ikarus mai masana'antu a Budapest da Székesfehérvár. Sun fara da Ikarus 180 a shekarun 1960, mai zagayayyen goshi. Sannan aka zo da dangin 200, waɗanda László Finta ya zana, masu kusurwa kamar akwati da manyan tagogi. A cikinsu 260 ce gajera mai tsawon mita 11, 280 kuma ita ce yayarta mai gaɓa, mita 16 da rabi. An fara ƙera ta da yawa a 1973, ba a daina ba sai 2002, kuma adadin da aka yi ya haura 60,000. A shekarun 1980 akwai lokacin da kamfanin ke fitar da bas sama da 13,000 a shekara. Ta cika titunan Mosko da Balin ta Gabas da Waso da Istambul. Waso ba ta sallami bas ɗin Ikarus 280 ɗinta na ƙarshe ba sai 2013, Budapest kuwa sai 2022.

Abin da ya ba ni sha'awa tun ina ɗalibi shi ne dabarar dangi. Gilashi, ƙofa, injin, aksul, kujera, yawancinsu ɗaya ne tsakanin 260 da 280. Gareji mai motoci ɗari biyu yana ajiye kaya iri ɗaya, bakanike ɗaya ya san duka. Wanda ya taɓa yawo a Apo yana neman fitilar motar da ita kaɗai ce irinta a gari zai gane darajar wannan.

Injinta Rába-MAN D2156 ne, na gas, silinda shida, lita 10 da ɗoriya, wanda kamfanin Rába na birnin Győr ya sayi lasisinsa daga MAN na Jamus a 1967. Ƙarfin na asali doki 192, mai turbo kuma 220. An kwantar da shi ne a kan haƙarƙarinsa ƙarƙashin daɓe, tsakanin aksul na gaba da na tsakiya. Shi ya sa daɓen ya yi tudu, ya kusa mita guda daga ƙasa, sai an taka matakala. Doki 192 a ƙarƙashin motar da ke haura tan 22 idan ta cika da mutum kusan 150, ka san ba don gudu aka yi ta ba. Kujerun ba su kai arba'in ba, sauran duk a tsaye suke.

Matakalar nan ce ta kashe mata kasuwa daga ƙarshe. Tsofaffi da guragu da mata masu keken jarirai suna shan wahalar hawa, kuma duk daƙiƙar da fasinja ya ɓata a ƙofa, layi gaba ɗaya ne ya ɓata ta. A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyin wani garejin bas na Hamburg suka gano yadda za a riƙe gaɓa da silindodin mai, sai Mercedes-Benz ta ɗauki dabarar ta fitar da O305G mai turi. Da injin ya koma baya, aka samu damar sauke daɓe. Daga nan O405G ta biyo, sannan Citaro da aka fara a 1997. Yawancin abin da dillali zai nuna maka yau daga wannan zuri'a yake. Akwai 'yan tsirarun da suka bi wata hanya, kamar Van Hool AG300 ta Beljiyam, wadda aka tsayar da injinta a gefe cikin kai, ta zama mai ja kuma mai daɓe ƙasa-ƙasa. Shi ya sa na ce a duba taya, kada a dogara da shekarar mota.

Ka shiga rami

Kada ka yarda a nuna maka motar a fili kawai. A kai ta kan rami, ka tafi da tocila da ƙaramar guduma da sukudireba.

Ikarus ba ta da katakon ƙarfe biyu dogaye irin na gingimari da aka ɗora wa bodi. Ƙashinta saƙa ce ta bututun ƙarfe masu kusurwa huɗu da aka yi wa walda, ita ce bodi, ita ce ke ɗaukar nauyi. Yawancin bas na birni na Turai haka suke. Kuma a can ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin yana shiga cikin bututun ya ci shi daga ciki. Daga waje sai ka ga fenti lafiya lau. Ƙwanƙwasa da guduma: ƙarfe mai rai yana amsawa da kaifi, wanda ya mutu yana amsawa kamar ka bugi kwali, wani lokaci ma garin tsatsa ya zubo maka a fuska. Wuraren da za ka fi matsa wa su ne kewayen tayoyi, ƙarƙashin matakalar ƙofofi, inda balan-balan na iska masu ɗauke da motar ke zama, sai kuma ƙarfen da ya gitta wanda gaɓar ke ɗaure a jikinsa. Idan wannan na ƙarshe ya ruɓe, ka fito daga ramin ka yi sallama da dillali. Kuma idan ka tarar an shafe ƙasan motar da sabon baƙin kwalta yana ƙyalli, ka ƙara yawan ƙwanƙwasawa, kada ka rage.

Gaɓar kanta

A nan nake so a daɗe. Zuga-zugin da kowa ke kallo riga ce kawai, ba ta ɗaukar nauyin komai, aikinta tare ruwa da ƙura da hannun yaro. Faifan da fasinja ke tsayawa a kai shi ma murfi ne. Abin da ke riƙe da jela yana ƙasa.

A Ikarus 280 wani ƙaton ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwaskonsa, kamar ƙashin kwatangwalo, yana ba jela damar karkata hagu da dama, ta yi sama da ƙasa idan an hau tudu, ta ɗan murɗa idan hanya ta karkace. Daga gaɓar kuma akwai sandar ƙarfe da ta miƙe zuwa aksul na baya. Idan kai ya karkata, sandar sai ta juya tayoyin baya zuwa ɗaya ɓangaren, jela ta buɗe ta bi kusan sawun kai maimakon ta yanke kwana ta hau dakali. Babu waya, babu kwamfuta. Giris da ido kawai take so.

Tsohon da ke kula da mu a garejin, wanda yatsunsa biyu suka daskare tun zamanin yaƙi, ba ya amfani da wata na'ura a nan. Sai ya tsaya ƙafa ɗaya kan faifan, ɗaya kan daɓen jela, ya ce wa direba ya ja a hankali ya taka birki, ya sake ja ya taka. Idan gaɓa ta yi sako-sako, za ka ji "gum" a tafin ƙafarka kafin kunnenka ya ji. Yi haka sau biyar ko shida, gaba da baya. Gaɓa mai lafiya shiru take.

Bayan haka a ɗaga murfin faifan. Duba ko giris ɗin da ke wurin ɗanye ne ko ya bushe ya zama kamar ƙasa. Duba tiyon iska da wayoyin lantarki da ke tsallakawa daga kai zuwa jela. Su ne jijiyoyin birkin baya da ƙofa da fitilu, kuma kullum cikin lanƙwasa suke. Duk inda ka ga alamar gugar juna, ko an naɗe da roba irin ta cub, ka rubuta. Sannan ka kama sandar nan mai juya tayoyin baya ka girgiza, ka shafa tayoyin ƙarshe da tafin hannu. Idan gefe ɗaya ya cinye ɗaya yana nan, saitin ya kauce. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce ka bi motar a baya da taka motar a miƙaƙƙen titi, kamar hanyar filin jirgi da sassafe. Jela ta ɓuya daidai bayan kai. Idan kana hango gefen kai ta ɓangare ɗaya, tana tafiyar ƙaguwa ke nan, kuma za ta ci taya kamar gara.

Mai turi fa? Gaɓarta babban zobe ne mai boris, da silindodin mai da ke danne ta, da na'urar da ke auna yawan karkata tana kai wa kwamfuta rahoto. Idan karkatar ta yi yawa sai ta yi ƙara, ta rage wa injin wuta, a ribas ma ta kama birki. Duba ko silindodin suna tsiyayar mai. Kunna makulli ka ga fitilar gargaɗin gaɓa ta kama sannan ta mutu; idan ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne. A fili mai faɗi a sa direba ya yi ribas yana karya sitiyari a hankali, a ji ko gargaɗin zai yi kuka. Ina roƙon 'yan'uwana masu gyaran lantarkin mota da babbar murya: wannan ba wurin haɗa waya kai tsaye ba ne. Na san al'adarmu, idan na'ura ta dami mutum sai a tsallake ta mota ta tashi. A nan idan aka tsallake, ranar da aka yi ruwan farko, mota cike da mutane tana gangaren Kugbo, jela mai injin da nauyi za ta turo kai ta gefe, kuma ba sitiyarin da zai dawo da ita.

Zuga-zugin ma kada a raina shi. Wanda ya yage a Karkof iskar ƙanƙara yake shigo mana da ita. A nan ƙurar hunturu da hayaƙi da ruwan damina zai shigo da su. Ɗinki yana riƙe ƙaramar yaga. Idan ƙasansa ya ruɓe gaba ɗaya, sai odar sabo daga waje, ka sa kuɗinsa cikin ciniki.

Iska, injin, giya

Birki iska ne, ƙofofi iska ne, abin da motar ke zaune a kai ma balan-balan ne na iska maimakon sifirin. A tayar da injin har allurar iska ta cika, a kashe, kowa ya yi shiru. Kunne zai nuna maka manyan ɓuloli, ruwan omo a soso zai nuna ƙanana. Ja zoben da ke ƙarƙashin kowane tankin iska: ɗan ruwa ba laifi, amma idan baƙin mai ya biyo, kwamfiresa ta gaji. In da hali a bar motar ta kwana, a dawo da safe a ga ko ta durƙusa ta gefe ɗaya.

Da safen nan ne kuma za ka tayar da injin, yana sanyi, kada ka bari a ɗumama maka shi kafin ka iso. Injin Rába ya yi suna wajen baƙin hayaƙi, wanda yawanci nozul ne ko matatar iska da ta toshe, gyaransa ba ya kai mutum bango. Shuɗin hayaƙi baƙin mai yake ci. Fari mai yawa da ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi, ka duba ruwan lagireto. Da yake injin a kwance yake kusa da ƙasa, duk ƙurar da tayar gaba ta tayar a kansa take sauka, don haka lagireto da matata za su nemi wanki da hurawa fiye da yadda littafin Turai ya rubuta. Haka kuma ba motar da za a kutsa da ita cikin ruwan da ya kwanta a titi ba ce. Injin mai turi da ke baya kuwa, matsalarsa zafi: ɗaki ne matsattse, idan mai ko gas yana ɗiga kan salansa, gobara ba ta sallama. Motocin Citaro masu gaɓa da Landan ta janye a 2011, an kai wasunsu tsibirin Malta, can ma aka tsayar da su a 2013 bayan wasu sun kama da wuta. Ka haska ko'ina da tocila, injin da ke jiƙe da mai ba abin ɗauka da wasa ba ne.

Giyar Ikarus da muka saba da ita ta hannu ce, sandar tana da nisa da giyabos, sai dogon ƙarfe ya haɗa su, kuma idan bushin ya cinye direba lalube yake. Kukan da za ka ji daga aksul na tsakiya kamar busa, na haƙoran da ke cikin cibiyar taya ne, halinta ne. Sababbin duk otomatik ne, a duba launin man da warinsa.

Sai tagogi. Motar da aka yi wa ƙasar sanyi 'yan ƙananan kafofi gare ta a sama, wadda aka yi da na'urar sanyaya kuma gilashinta a liƙe yake. Ka tuna da zafin Abuja a watan Maris, mutum ɗari a tsaye a cunkoson Nyanya. Idan na'urar ta mutu, ba mai iya zama. Ka ƙidaya tagogin da ke buɗewa da murafun rufi tun yanzu.

Auna hanyar kafin ka auna aljihu

Dokar Turai ta ce bas mai gaɓa kada ta wuce mita 18.75, kuma dole ta iya zagayawa cikin zobe: da'irar waje mita 12.5 daga tsakiya, ta ciki mita 5.3. Wannan ya ba ka ma'auni kyauta. Sami turke da igiya da toka, ka je duk inda kake tunanin motar za ta juya, ka kafa turken, ka zana da'irar mita 12.5. Idan ba ta shiga ba, da wuya motar ma ta shiga. Manyan titunan cikin gari da hanyar Kubwa da ta Lugbe ba su da matsala. Matsalar tana ƙarshen layi: ina za ta juya a Mararaba da ƙarfe shida na safe, ina za ta kwana, wane gidan mai ne za ta shiga ta fita ba ribas, wane gareji ne ke da rami mai tsawonta. Duba tudun rage gudu da kwalbatin shiga unguwa, don mai daɓe ƙasa-ƙasa cikinta zai dinga gugar su. Kuma ranar da ta mutu a mahaɗar AYA, ƙaramar motar janwe ba za ta ɗaga ta ba. Idan iska ta zube birkin tsayawa yana kama kansa, sai an sassauta shi, kuma a cire furofela kafin a ja, don kada giyabos ya ƙone.

Direban tirela yakan ce ai ya saba da jela. Ya saba da wadda ke yanke kwana ta ciki. Mai ja da tayoyin baya ke juyawa, jelarta waje take fita. Na ga wannan da idona a ranar da wani sabon direba ya tashi daga tasha ya karya sitiyari da wuri. Kusurwar baya ta share gefen hanya ta buge wani dattijo da jakarsa. Allah Ya kiyaye, karayar hannu ce, amma ban manta ƙarar ba. Don haka kafin direba ya ɗauki mutum ko ɗaya, a zuba layin toka daidai jikin motar a fili, ya karya sitiyari gaba ɗaya ya ja, ya sauko ya ga iya inda jela ta ƙetare layin. A irin tashoshinmu da masu talla da 'yan acaɓa ke manne da mota, wannan tazara ran mutum ce. Ƙa'idar ita ce ya miƙe tukuna har jela ta rabu da gefen hanya, sannan ya karya. Ribas kuwa sai da yaron mota a ƙasa yana ba da hannu, a tafiyar hawainiya, kuma da zarar jela ta fara ɓacewa daga madubi ɗaya a tsaya a ja gaba a sake saiti.

Game da Ikarus ita kanta, ina son motar nan, amma ba zan ba kowa shawarar ya sa kuɗin adashi a kanta ba. Autarsu ta haura shekara ashirin, kayan gyaranta ba a Apo suke ba ba a Zuba ba, kuma hukumar Kwastam tana da ƙa'idar shekarun motar da za a shigo da ita, wadda ya kamata a tambaya tun kafin a biya ko sisi. Da za a samu sabuwar mota da aka ƙera bisa tsarinta, mai ja, mai tsayi daga ƙasa, mai tagogi masu zugewa, gaɓarta ƙarfe da giris, ita zan zaɓa wa hanyoyinmu a kan mai kwamfuta. Injin Mercedes kuwa yana da gata a ƙasar nan, tun zamanin da kamfanin ANAMMCO ke haɗa motocin Mercedes a Inugu bakanikenmu suka san shi. Gaɓar ce baƙuwa, ita za a tambayi mai sayarwa ya haɗo da takardunta da kayanta.

Washegari da azahar hoton ya iso. Tagwayen tayoyi ne a baya, ga ragar injin a gefe, kuma a ƙasan zuga-zugin na hango wani duhu a kan siminti mai kama da ɗigar mai. Na kira yaron na ce, "Mai turi ce. Kada ku ba da ko kafin alƙalami sai an ɗauko bidiyon fitilun gaban direba lokacin kunna makulli, da na ƙarƙashin faifan."

Ya ce, "To Kawu, in duk sun yi kyau fa?"

Na ce in sun yi kyau, ranar Asabar in Allah Ya kai mu ya jira ni a Mararaba bayan sallar asuba, kafin hanya ta cika. Ni zan zo da igiya da turke, shi ya samo toka rabin buhu.